Guzurin Bu Sukesi

A unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a Kutoarjo, da wuya mutum ya yi tafiya mai nisa bai ɗauki gwangwanin Bu Sukesi ba. Ɗalibi ne zai koma jami'a, ko budurwa ce ta samu aiki a ƙasar waje, ko tsoho ne zai tafi Makka, sai ka ga Bu Sukesi ta fito daga gidanta da gwangwanin biskit a naɗe cikin tsumma, ta miƙa ta ce, "Ga ɗan abin taɓa shinkafa." Abin da ke ciki kering ne, wato tempe, curin waken suya, da aka yanka siri-siri kamar tsinken ashana, aka soya shi ƙarau, aka juya cikin jan sukari da tsamiya da barkono da gyaɗa. Nata yakan yi makonni a gwangwani bai yi laushi ba, bai canza ƙamshi ba.

Ni ce mai yi mata tempen. Sunana Ngatirah, ana ce mini Yu Rah, ƙofar gidana na kallon tata. Tun ina amarya nake dafa waken suya, in murje ɓawon, in barbaɗa masa yis ɗinsa, in naɗe a ganyen ayaba har ya haɗe ya fito fari fat. Saboda haka duk abin da ya faru a ɗakin girkin Bu Sukesi, ta hannuna yake fara bi.

Mijinta, Pak Darmaji, tsohon direban jirgin ƙasa ne. A wajenmu Pak ake ce wa magidanci don girmamawa, Bu kuma uwargida. Dogo ne, mai sanƙo, ba ya son hayaniya. Tun da ya ajiye aiki ba shi da abin yi sai zama a baranda yana sauraron kurciyarsa ta keji. Shi ya daɗe da sauke farali, shekarun baya ya raka tsohuwarsa kafin ta rasu. Ɗakin girki kuwa, in ka gan shi a ciki to ruwan zafi ya je nema.

Bu Sukesi ta yi shekaru tana jiran sunanta ya fito a layin masu zuwa Makka, har ta daina maganar. A shekarar da ya fito, duk unguwa ta yi murna kamar mu ne za mu. Sai ga tsautsayi. Ana ƙarshen damina, bakin rijiya ya yi gansakuka, ta bi wata kaza da ta shiga mata shanya, santsi ya kwashe ta, ta dafa ƙasa da hannun dama. Tsintsiyar hannun ta tsage. Aka ɗaure mata shi a asibiti, aka rataya a wuya. Likita ya ce tafiya ba za ta fasu ba, kafin lokacin za a kwance ɗaurin, amma ta manta da wuƙa da kasko sai bayan ta dawo. Kuma da aka auna jininta, kamar yadda ake yi wa kowane maniyyaci, aka ce ya yi ƙaranci.

'Yarsu Nastiti ungozoma ce a asibitin unguwa, ita ta fi kowa tayar da hankali. Na je dubiya da yamma na tarar tana yi wa uwar faɗa.

"Mama, ga ƙwayoyin ƙarin jini, kullum ɗaya. Kuma abinci za ki ci, ba shinkafa da ruwan miya ba. Sannan ki daina kora abinci da shayi."

"Shayin kuma me ya yi miki?"

"Yana hana jiki ɗaukar abin da ke ƙara jini. Ki ci gwanda ko gwaba a bayan abinci, shayin ya jira."

"Yu Rah, kina ji?" Bu Sukesi ta juyo gare ni. "Na haifi likita a gida, yanzu ko numfashi sai da izininta."

"Ni ba nan ne damuwata ba," in ji Nastiti. "Can ne. Mama ba ta cin girkin kowa. Da ta je Jakarta wajen Yaya, mako biyu kawai, ta dawo zane na zame mata. To ina ga Makka, ga rana, ga tafiyar ƙafa?"

Kowa ya san maganin wannan, gwangwanin kering ne, amma mai yin sa ga ta zaune da hannu a wuya. Na ce, "Bu, ai ba wani abu ba ne, ni sai in yi miki."

Ta yi murmushin nan nata mai laushi. "Allah ya saka, Yu Rah. Ai naki yana da daɗi. Yara suna son sa ƙwarai."

Na gane nufinta sarai, nawa alewa ne. Matar liman ma ta ce za ta yi, aka ce mata kada ta wahalar da kanta. Wato nata mai ya yi masa yawa. Haka ta bi matan unguwa ɗaya bayan ɗaya ta sallame mu cikin ladabi, ba wadda ta samu abin riƙewa.

Sai muka ji murya daga baranda. "Ni zan yi."

Nastiti ta leƙa. "Baba, kai za ka yi me?"

"Kering ɗin. Ita ta zauna ta faɗa, ni in zama hannun."

Pak Tukijan mai keken haya, abokinsa tun yarinta, mai kiransa Ji, yana zaune kusa da shi yana shan kofi. Dariya ta sarƙe shi har sai da aka bubbuga masa baya. "Kai, Ji? Kai da ko ƙwai ba ka taɓa fasawa ba? Jama'a ku fitar da kayanku, gobara na tafe!"

"Na ja jirgi mai tarago goma sha biyu daga nan har Bandung," in ji Pak Darmaji, ko murmushi babu. "Kasko ɗaya ba zai gagare ni ba."

Washegari da safe ya zo ƙofata da kwando. Na zaɓa masa tempe mai tauri, wanda waken ya matse sosai, don shi ne ba ya farfashewa a wuƙa. Daga nan na bi shi, don ba zan bari a ba ni labari ba.

An ajiye wa Bu Sukesi kujera a bakin ƙofar ɗakin girki. Pak Darmaji ya ɗaura tsohon zanenta a ƙugu, ya wasa wuƙa, ya fara yanka. Ya daɗe yana yi, yana jera su a faranti a layi, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Da ya gama ya kawo mata.

Ta ɗauki ɗaya da hannun hagu, ta ɗaga shi sama. "Pak, wannan katakon shimfiɗa layin dogo ne?"

"Kin ce dogaye."

"Na ce sirara."

"Siraran kamar yaya? Faɗa mini awon."

"Kamar yadda nake yi."

"Bu, ni ci nake yi, ban taɓa aunawa ba."

Ta ce a soya haka nan, kada a yi asara. Ya zuba mai, ya juye tempen gaba ɗaya tun man bai yi zafi ba. Suka sha mai suka kwanta. Da aka juya su cikin sukarin suka fito laɓo-laɓo, ko ƙara ba sa yi a baki. Bu Sukesi ta ce wannan ko Magelang da ke nan kusa ba zai kai ba zai lalace, balle Makka. Amma Nastiti da ta dawo aiki ta zuba wa uwar shi a kan shinkafa da dafaffen alayyafo, ta tsaya a kanta.

"Ci za ki yi. Laushi bai rage masa komai ba. Abin da nama ke gina jiki da shi yana cikin waken nan, kuma da yake ya riga ya nuna a ganye, ciki ba ya shan wahalar narkar da shi. Ƙashin hannun nan da me kike so ya haɗe?"

"Da addu'a."

"Da addu'a da tempe."

Ta ci, tana ci tana mita.

Gwaji na biyu shi ne unguwa ba ta manta ba. Yankan ya gyaru, suyar ma ba laifi. Ya jajjaga barkono da albasa da tafarnuwa a dutse, sai dai da Bu Sukesi ta ce "barkono kaɗan," shi ya ɗauka kaɗan ɗin cikin tafin hannunsa ne, kuma hannun Pak Darmaji faranti ne. Yana zubawa a mai, hayaƙin ya tashi. Ni na fara fita da gudu. Bu Sukesi ta biyo ni tana tari, hawaye shaɓe-shaɓe. Yaran da ke wasa a lungu suka watse suna atishawa. Kurciyar baranda ta dinga dukan keji da fiffike, sai da Pak Tukijan ya ɗauke ta ya kai ƙarƙashin mangwaro.

Shi kuwa gogan bai fito ba. Ya ɗaure hanci da tawul, ya zuba sukari da ruwan tsamiya, ya tsaya yana jiran umarni, mai ba da umarnin kuma tana waje tana wanke ido. Kafin ta dawo sukari ya wuce inda ake so. Ya juye tempe da gyaɗa, ya juya sau biyu, ludayin ya tsaya cak. Komai ya daskare ya zama dutse guda, da kaskon da ludayin da abin da ke ciki.

Pak Tukijan ya shigo ya duba, ya ɗaga kaskon ta ludayin, kaskon ya biyo shi. "Ji, wannan kada a kai Makka a jaka. A kai wa masu gyaran titi."

Da guduma da kurfi aka fasa shi a tsakar gida. Yara suka kwashe gutsattsarin suna tsotsa suna hura baki, wai sabuwar alewa ce.

Ranar dai sai da miji da mata suka yi 'yar tsama. Ina jin su daga gidana da la'asar.

"Ke ba kya faɗar magana yadda mutum zai kama. Kaɗan. Daidai. Har sai ya yi. Minti nawa ne har sai ya yi?"

"Ni na taɓa girki da agogo? Wutar yau daban, ta gobe daban. Tempen ma wani ya fi wani ruwa."

"To ta yaya kike sani?"

Da alama ba a taɓa yi mata tambayar ba. Can ta ce, "Ina ji ne. In ka zuba shi, man yana ihu. Ruwan da ke cikin waken ne ke fita. Yana fita ihun yana raguwa. In man ya koma raɗa, ka kwashe. Ko daga bakin rijiya nake ina sani."

"Da kunne?"

"Da kunne mana."

"To ai da tun farko kin faɗi haka," in ji shi. "Injin jirgi ma da kunne muke gane shi."

Bayan kwana biyu ya dawo da kwandonsa. Wannan karon ya yanka tun da safe, ya baza a faifai ya sha iska. Ya sa mai ya yi zafi, ya zuba kaɗan-kaɗan kamar yadda ta ce, sannan ya yi abin da ya ba mu dariya: ya juya wa kaskon gefen kai, ya rufe ido. Pak Tukijan ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ɗaga masa hannu. Muka yi shiru dukanmu, ba ka jin komai sai ƙarar mai. Ta yi ta sauka, ta yi ta sauka. Bu Sukesi ta ɗaga yatsa za ta yi magana, kafin ta furta ya riga ya sa matsami ya kwashe. Tempen ya zubo a faifai yana ƙara kamar busasshen ganye, launinsa ruwan zuma.

Ta ɗauki ɗaya ta karya. Ƙas.

"Hm," ta ce. Daga bakin Bu Sukesi wannan yabo ne babba.

Saura sukari. Ya soya kayan jajjagen, barkonon ita ta ƙirga masa da hannun hagu, ya jefa ganyen lemo da saiwar ƙamshi, ya zuba jan sukari da ruwan tsamiya. Ta ce ya rage wuta ya riƙa ɗaga ludayi yana duba ɗigon.

"Me nake nema?"

"Gashi. In ɗigon ya ja zare siriri kamar gashi, ya yi."

Pak Tukijan ya shafa sanƙon abokinsa. "Shi ya sa ya ƙone rannan, Bu. Mutumin ya manta kamannin gashi."

Har Pak Darmaji sai da ya yi dariya, amma idonsa na kan ludayi. Da zaren ya fito, ya kashe wuta, ya juye tempe da gyaɗa, ya dinga juyawa da sauri da wannan dogon hannun nasa har kowane tsinke ya samu rabonsa yana ƙyalli, babu wanda ya manne da wani. Ƙamshin ya cika lungu. Yaran da suka gudu rannan suka dawo suka yi layi a taga.

Daga nan kullum sai ya yi kaɗan don hannu ya faɗa, kullum kuma Nastiti ta zuba wa uwar a shinkafa, da ganye, da gwanda a baya. Shayin aka mayar da shi hantsi. Da aka koma awo, jinin ya ƙaru. Nastiti ta ce aikin ƙwaya ne da abinci. Pak Darmaji ya ce aikin mai girki ne. Bu Sukesi ta ce ita dai gajiya ta yi da mitarsu.

Rigima ta ƙarshe a kan kifi aka yi ta. Ana saura 'yan kwanaki tafiya, ranar da za a yi na guzurin, Nastiti ta shigo da ƙullin ƙananan busassun kifi, irin waɗanda ake ci har ƙaya.

"Baba, ka soya waɗannan ka haɗa. Ƙayarsu tana ƙarfafa ƙashi. Kuma ka rage sukarin, ka tsane man sosai."

"Man dai a tsane," in ji Bu Sukesi. "Sukari kuwa shi ke riƙe shi ya daɗe, in an rage ya lalace a hanya. Kifi kuma ba a kering ɗina ba. Uwata ba ta sa ba, ni ban taɓa sa wa ba."

"Mama, ai ba alewa za ki ci ba, cokali biyu ne a kan shinkafa, na yarda da sukarin. Amma kifin fa?"

"Ƙarni."

"In an soya shi ƙarau babu ƙarni."

"Na ce a'a."

An riga an kwance mata ɗaurin a makon, hannun ya fito siriri, fari, ko kofi ba ya iya ɗagawa. Pak Darmaji ya dubi hannun, ya ajiye wuƙa, ya jawo 'yar kujera ya zauna a gabanta. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba.

"Bu, kin tuna gwangwanin da kika ba mu ni da Tsohuwa? Ban taɓa ba ki labarinsa duka ba. A Mina ta kwanta. Zafi ya buge ta, duk abin da aka kawo sai ta kau da kai. Na zauna a bakin tanti ban san abin da zan yi ba, ina tunanin yadda zan dawo gida ni kaɗai. Sai na tuna da sauran naki a ƙasan jaka. Na barbaɗa mata a farar shinkafa. Ta shinshina, ta ce, wannan hannun Kesi ne. Ta ci loma uku. Da yamma ta ci rabin faranti. Washegari da ƙafarta ta je jifa, tana riƙe da gwiwar hannuna tana yi mini faɗa wai ina sauri." Ya dube ta. "Ke kuma ba na nan balle in riƙe ki. Abin da zan iya sa miki a jaka ke nan. In yarinyar nan ta ce kifi zai ƙara miki ƙarfi, ki bar ni in sa."

Bu Sukesi ta sunkuyar da kai tana gyara bakin ɗankwali. Nastiti ta juya tana kallon bango. Ni ma na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido, alhali ba a kunna wuta ba.

"Gwangwani ɗaya," in ji Bu Sukesi daga ƙarshe. "Ɗaya da kifi, ɗaya babu. Kuma ka wanke kifin ka shanya tukuna, gishirinsa ya yi yawa. Kada ka soya shi a man tempe, daban za ka yi masa."

"To, ranki ya daɗe."

Ya wuni yana yi. Da ya huce sarai aka zuba a gwangwanaye, aka liƙe bakinsu, aka cusa a tsakiyar tufafi. Ragowar aka fitar a walimar bankwana, inda unguwa ta taru aka yi mata addu'a. Matar liman ta ɗanɗana, ta ce, "Bu, ashe hannun ya warke?" Pak Tukijan ya ce, "Hannun ya warke, har ya yi gashi a damtse." Aka kwashe da dariya, Pak Darmaji na can gefe yana zuba wa mutane shayi kamar ba da shi ake ba.

Da asuba muka raka ta inda motocin maniyyata ke tashi zuwa Solo, inda za su hau jirgin sama. Ta leƙo ta taga tana ba shi umarni har motar ta ja: ya ba kaji ruwa, kada ya bar kaskon da mai a ciki, kada ya ci barkono da yawa.

Kwanakin da ba ta nan, na ɗauka zai koma baranda wajen kurciyarsa. Ina! 'Yar Pak Tukijan ta samu makarantar koyon jinya a Semarang, za ta tafi, kuma babu Bu Sukesi. Sai ga Pak Tukijan a ƙofar abokinsa yana sosa ƙeya.

"Ji, yarinyar nan za ta tafi jibi."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Na ce ko... ɗan abin nan."

"Wanne? Na gyaran titi?"

Sai da Pak Darmaji ya sa shi ya daka barkono da hannunsa, yana hawaye yana zagi, sannan ya yi wa yarinyar gwangwani guda.

Bu Sukesi takan kira ta wayar Nastiti, mu taru a baranda muna ji. Kiran farko ta ce abincin masaukin ba laifi amma shinkafar ba ta da rai. Na biyu ta ce matan ɗakinsu sun gano gwangwanin, yanzu in an kawo abinci kowa sai ta matso kusa da gadonta tana tambayar lafiyar hannu. Na uku, bayan an sauko daga Arfa, muryarta ta dushe amma tana dariya. Ta ce ta yi komai da ƙafarta, ba a tura ta a keke ba.

"Wanne ya fara ƙarewa?" in ji Nastiti. "Mai kifin ko marar kifin?"

"Layin ba kyau, ba na jin ki," in ji Bu Sukesi, ta kashe.

Ta dawo ta yi baƙi, ta ɗan faɗa kaɗan, amma da ƙarfinta. Aka yi ta zuwa sannu da zuwa ana shan zamzam ana cin dabino. Hannun ya yi ƙwari a hankali, har ta koma girkinta na yau da kullum, sai dai yankan tempe siri-siri yana sa mata tsami a tsintsiyar hannu.

Wata ranar Lahadi ina shara a ƙofar gida, sai ga mota ta tsaya a bakin lungu. Wata mata mai jiki ta fito da saurayi a bayanta, tana tambayar gidan Bu Hajja Sukesi. Na kai su. Ashe tare suka zauna ɗaki ɗaya a Makka, daga Kebumen ta zo, sunanta Bu Marwiyah. Suka rungume juna, aka kawo shayi, aka yi ta tuna wadda ta ɓata a Harami da wadda ke minshari. Can baƙuwar ta nuna saurayin.

"Ɗana ne, zai shiga jirgin ruwa aiki, sai ya yi wata shida bai taka ƙasa ba. Tun a Makka nake ba shi labarin kering ɗinki, mai kifin nan. Na ce ba zai tafi ba sai da shi. Na gwada a gida ya fi sau nawa, bai yi ba. Don Allah ki yi masa, ni kuma in tsaya in ga yadda kike yi."

Bu Sukesi ta kurɓi shayi. Ta dube ni, na dubi rufin ɗaki. Ashe duk zaman da suka yi a can ba ta taɓa faɗa musu wanda ya yi ba.

"Wato, Bu," ta fara, "shi mai kifin nan..." Ta gyara zama. "Hanyar tawa ce. Ni na koyar."

"Ai na sani."

"Amma lokacin hannuna na ɗaure."

"To wa ya yi?"

Bu Sukesi ta ajiye kofin, ta juya wajen baranda ta ɗaga murya. "Pak! Bar tsuntsun nan ka zo, ka yi baƙi daga Kebumen."

Ya shigo yana goge hannu a riga, ya gaishe su. Da aka faɗa masa abin da ya kawo su, ya dubi saurayin sama da ƙasa, ya tambaye shi ko yana cin yaji. Yaron ya ce sosai. Bu Marwiyah dai ta kasa rufe baki, tana kallon mijin tana kallon matar.

"Yu Rah," in ji Pak Darmaji, "akwai mai tauri a wajenki?"

Na ce akwai na jiya, ya matse daidai.

"Kawo duka. Kai kuma samari, tashi ka wanke hannu. Mutumin da zai yi wata shida a ruwa gara ya iya da kansa."

Na tafi ɗauko tempen. Kafin in dawo an fitar da kasko tsakar gida don kowa ya gani, an ba saurayin wuƙa, Bu Marwiyah ta naɗe hannun riga tana ɓare tafarnuwa. Bu Sukesi na tsaye a kan yaron tana cewa ya ƙara sirantawa, mijinta na gefe yana cewa ta bar shi ya koya a hankali. Sai bayan la'asar baƙin suka tafi, da gwangwani biyu a kujerar baya, na uku kuma ƙarami a cinyar Bu Marwiyah, wanda ta ce na hanya ne.